Katin Biki: Abin Dubawa Kafin a Kai wa Mai Bugawa

Kafin kati ya zama ruwan dare, goro da alawa ne ke kai labarin aure. Da an sa rana sai a kasa su, a ƙulla, a ba yara ko wata dattijuwa mai ƙafa ta bi gidajen dangi da maƙwabta: "An ce a gaishe ku, ga na sa ranar Wance." Wanda ƙullin ya shiga hannunsa ya san an lissafa da shi, wanda aka tsallake kuma ya san an tsallake shi. Yau ga kati mai ruwan zinare, ga na waya mai sauti da furanni suna zubowa, amma idon mai karɓa bai sauya ba. Kafin ya duba rana ko masallaci, sunaye yake fara bi: wa aka sa a sama, wa aka tura ƙasa, wa aka manta. Shi ya sa shawarwarin nan suka fara da mutane, ado ya biyo baya.

1. A gama maganar sunaye a gida. Katin ɗaurin aure na iyaye ne, ba na ango da abokansa ba, ko da daga aljihunsa kuɗin bugun ya fito. Tsarin da aka saba shi ne a ce iyalan Alhaji Wane da na Malam Wane suna farin cikin gayyata zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu. To, wane ne Wanen? Gidajen da suka san ta kan zumunci ba sunan mahaifi suke sawa ba. Sunan kakan da ya kafa gidan suke sawa, ko da ya rasu, a rubuta "Marigayi" a gabansa, domin a ƙarƙashin wannan suna kowane baffa zai ga kansa. Idan kuma sunan mai rai za a sa, a tuna cewa uba yakan yi kara ya bar wa wansa ko ƙanensa walicci. Abin kunya ne mutumin da zai zauna gaban liman ya ba da aure ya duba kati bai ga sunansa ba. A rubuta jerin a takarda, a karanta wa babban gida, sannan a kai wa gwaggon nan da ta san asalin kowa. Ita ce za ta ce, "Ina ka baro baffanku na Funtua?" Gara ta faɗa yau da a ji a bakin 'ya'yansa ranar biki.

Wani ƙaramin abu: iyalin da aka fara ambata, sunan ɗansu ko 'yarsu ya zo farko a ƙasa. Idan aka haɗa su a karkace, baƙo zai ɗauka amaryar 'yar gidan su ango ce.

2. Katin mata ya fi na maza ƙaya. A gidan da ke da mata biyu ko uku, a sa su duka a jerin iyayen biki, bisa tsarin shigowarsu, uwargida a sama, ko da amaryar ba 'yar ɗakinta ba ce. Ba sai ana shiri ba. Wannan layi ɗaya da aka ba ta yakan rufe bakin da zai yi shekaru yana magana. Yarinyar da ta tashi a hannun riƙo, sunan mariƙiyarta ba ya zuwa bayan na kowa, domin ita ta yi wankin da kitson da jinyar. Uwar da auren 'yar fari take yi, wadda kunya ba za ta bar ta ta fito gaba ba, sai a sa 'yar'uwarta ko aminiyarta a matsayin uwar biki, amma a tambaye ta tukuna wa take so. Idan kuwa uwar ta fita tana wani gidan aure, mafi sauƙi ta buga nata katin na wuninta, da kwatancen gidan da take, kada a tilasta wa mata biyu zama a layi ɗaya.

A ganina jeri iri biyu ne ke zaman lafiya: gajere sosai, wanda kowa ya ga shugabannin gida kawai aka ɗauka, ko cikakke wanda bai bar kowa ba. Na tsakiya shi ne mai haifar da gaba. Da an sa ƙannen uwa huɗu an bar ta biyar, an gama.

3. A sa sunan yanka da sunan da aka sani. Yarinya sunanta Fatima a makaranta, amma unguwa ba ta san ta da komai ba sai Ummi ko Mami. A rubuta na yanka cikakke, a bi shi da laƙabin a ƙaramin rubutu. Sunayen soyayya da ango ke kiran ta da su a waya su tsaya a wayar.

Muƙami kuwa, ko a ba kowa nasa ko a bar kowa da Alhaji da Malam da Hajiya. Kada a jera wa baban ango Injiniya da Dakta da lambobin girma, baban amarya a bar shi tsirara. Sarauta a rubuta ta da garinta: Turakin ina, Wamban ina. Kuma a tabbatar, domin ba ƙaramin ɓaci ba ne a kira Ciroma Galadima.

4. A raba katin ɗaurin aure da na shagulgula. Limamin unguwa da abokan kasuwar baba ba su da buƙatar sanin ƙarfe nawa za a yi kamu ko dina, balle ranar shigar ƙauyawa. Nasu katin ya ƙunshi rana, lokaci, masallaci, da wurin walima idan akwai. Na mata shi ke ɗaukar kamu, sa lalle, wuni, kai amarya da buɗar kai, kowanne da rana da wuri, ban da kwatancen gidan da za a kai amarya. Taron da ke da iyakar kujeru a yi masa ɗan katin shiga daban, a saka a ambulan ɗin waɗanda ake nufi kaɗai. Da an buga shi a babban kati, an gayyaci kowa, kuma wanda mai gadi ya tare a ƙofa yana da gaskiya idan ya yi fushi.

5. Rana da lokaci: a duba kalanda da ido. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta Asabar, kwanan watan kuma ya faɗa Juma'a. Yawanci daga mai bugawa ne, wanda ya ɗauko tsohon katin wasu ya goge sunaye ya manta da sauran. Sai dangi su rabu biyu, masu bin suna da masu bin lamba.

Kwanan watan Musulunci yana da kyau a kati, amma a san halinsa. Wata kan yi 29 ko 30, sai an gani Sarkin Musulmi ya sanar, kalandar da ke cikin waya kuma sau da yawa lissafin Saudiyya take bi, ta yi gaba da kwana ɗaya. Idan za a buga kati tun watan bai kama ba, a girmama sunan ranar da kwanan watan Bature, na Hijira ya zo a ƙasa.

Wajen lokaci, "bayan sallar Juma'a" bai isa ba, tunda masallatai ba lokaci ɗaya suke tayarwa ba. Wanda ya yi tasa sallar a wani wuri zai iso an shafa. A rubuta ƙarfe nawa ake salla a wannan masallacin. Manyan masallatan da aka fi ɗaura aure, irin su Alfurƙan da Umar bin Khaɗɗab a Kano ko Sultan Bello a Kaduna, sukan haɗa aure da yawa a zama ɗaya, kowanne 'yan mintoci ne. A je a karɓi lokaci daga hukumar masallacin kafin a buga, ba bayan an raba ba. Mutanen Kano kuma su kula da Asabar ɗin ƙarshen wata, da aka saba taƙaita zirga-zirga da safe don tsaftar muhalli har ƙarfe 10. Wanda ya sa ɗaurin aure ƙarfe 10 a ranar, shi da liman za su yi ta kallon ƙofa. Idan za a haska taron kai tsaye don dangin nesa, a tuna Kumasi da Accra suna bayanmu da awa 1, Makka da Madina suna gaba da awa 2, Yamai da Njamena kuwa agogonmu ɗaya.

6. Kwatance irin namu. Lambar gida da sunan titi ba su cika kai mutum ko'ina ba a garuruwanmu. A rubuta yadda za a gaya wa mai Adaidaita: unguwa kaza, bayan gidan mai, layi na biyu hannun dama, kusa da famfo. Alamar taswirar Google ko ɗan tambarin nan mai murabba'i da ake haskawa da waya ƙari ne mai amfani ga matasa, amma ba ya maye gurbin kwatance. Lambar waya biyu ta isa, kuma ta waɗanda za su ɗauka ce. Ba ta ango ba, wanda wayarsa ke aljihun babban aboki tun asuba.

7. Da wane harshe? A yi da wanda masu karɓa ke karantawa. Ban ga dalilin da za a gayyaci mutanen da Hausa za su yi daga sallama har bankwana da Turancin da mai bugawar ma kwafo shi ya yi ba. Idan akwai abokan aiki da ba sa ji, a yi fuska biyu, Hausa a gaba, Turanci a baya, ko Faransanci ga masu dangi a Maraɗi da Damagaram.

Wanda ya zaɓi Hausa ya tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa. Da yawa daga salon rubutun ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga kwamfuta ta saka ɗan akwati a gurbinsu, ko ta ɗauko harafin daga wani salo ya tsaya a tsakiyar kalma bare. Mai bugawa zai ce a bar shi "daurin aure" kowa ya gane. An gane, amma Ɗanbatta da Ƙanƙara da Ɗorayi sunayen wurare ne, a rubuta su daidai. Idan salon ba shi da harafin, a sauya salon. Larabci ya fi wannan haɗari. Wasu manhajojin zane sukan wargaza shi, haruffa su rabu, su juya daga hagu zuwa dama, wanda bai iya ba kuma ba zai lura ba, ado kawai yake gani. A nuna wa malami kafin inji ya tashi.

8. A yi tunani kafin a buga aya. Aya ta 21 a Suratur Rum ita aka fi ɗorawa a saman kati, da Bisimilla da addu'ar da ake yi wa ma'aurata. Niyyar mai kyau ce. Sai dai kowa ya san makomar kati bayan biki: ƙasan kujerar mota, bakin kwata, hannun yaro, wani lokaci ƙullin gyaɗa. Malamai da dama suna jan kunne a kan haka. "In sha Allahu" da "Allah Ya ba da ikon zuwa" da harafin boko sun wadatar. Mai son ayar ya sa ta a 'yan katunan da za a ba manya ko a allon da ma'aurata za su rataye a ɗaki. Jimlar nan da ake rufe kati da ita, cewa wanda bai sami zuwa ba ya taya da addu'a, kada a cire ta don neman fili. Tana sauke wa mai uzuri nauyi.

9. Ado daga gida. An cika mana ido da zoben zinare biyu da farar tattabara da jan fure, waɗanda aka kwaso daga intanet, katin kowa ya zama na kowa. Alhali ga dagin Arewa, ga zanen da magina ke yi a fuskar soro irin na tsofaffin gidajen Zariya da Kano, ga zankon saman gini. Aska takwas ta babbar riga tana yin kyau a gefen katin maza. Na mata kuma ya ɗauki zanen lalle siriri a kusurwa, ko saƙar faifai, ko ƙirar bayan ƙwarya. Launi, a gwada shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata da fari ko ruwan madara, a ɗan ratsa zinare a sunaye kawai. Abu ɗaya za a ɗauka, ba duka ba. Kati kamar kwalliyar amarya yake, idan ta yi yawa sai a nemi fuskar a rasa.

Salon rubutu biyu ya isa: mai lanƙwashe-lanƙwashe ga sunan ango da amarya, miƙaƙƙe ga rana da wuri. A gwada a hannun wanda ya haura sittin, ba tabarau, a hasken ɗaki. Idan ya miƙo ya ce a karanta masa, rubutun ya yi ƙanana, ko zinaren ya ɓace a cikin farar takarda.

10. Takarda da yawa. Girman A5, rabin takardar ofis, milimita 148 da 210, ya isa katin mata mai jerin shagulgula. Na ɗaurin aure A6 ma ya yi, rabin wancan, yana shiga aljihun riga ba tare da an naɗe ba. Takardar ofis nauyinta giram 70 zuwa 80 ne, kati kuwa a nemi mai 250 zuwa 300 don ya tsaya. Idan za a rubuta sunan mai karɓa da biro, kada a shafe wurin da leda mai sheƙi, tawada ba ta kamawa. A ƙirga gidaje, ba kawuna ba, a ƙara kaɗan a kai, domin komawa a sake buga ashirin ya fi tsada a kan kowane ɗaya.

Kada a amince da abin da aka gani a fuskar waya. Launin haske daban, na tawada daban, shuɗi mai ƙyalli yakan fito a dushe. A ce a buga guda ɗaya tukuna, a kawo gida, mutum biyu su karanta da ƙarfi, ɗaya daga kowane ɓangare, lambobin waya kuma a kira su. A kai aiki da wuri, musamman a Rajab da Sha'aban da ake rige-rigen aurarwa kafin azumi, da bayan Sallah, da ƙarshen shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Katin ya isa hannun mutane mako 2 zuwa 3 kafin ranar, na nesa kuma a kira su tun da aka sa rana.

11. Manya ba a tura musu. Zumunta a ƙafa take, kuma a nan ne aka fi yin sakaci yanzu. Kawu, gwaggo, surukai, liman, mai unguwa, malamin da ya koyar da yaron, aminan mahaifin da ya rasu: waɗannan a taka a je, a durƙusa a gaisa, a faɗa da baki, sannan a ajiye katin, da ɗan goro ko alawa idan da hali. "Baba, an ce in sanar da kai an tsayar da rana, ga shi kuma a rubuce." Zai ce ai bikin farar kaza ne, balbela ba sai da gayya ba. Kada a yarda. Shi ne zai fara ƙorafi in ba a zo ba. Wanda ya yi nisa a kira shi, kuma babba ya kira babba, ba a sa yaro ya gayyaci sa'an ubansa.

WhatsApp na sa'o'i ne da abokan karatu, su ma a tura wa kowa shi kaɗai da sallama da sunansa. Jefa kati a guruf sanarwa ce, ɗorawa a sitatus kuma bayan awa 24 ta ɓace. Masu tura saƙon bai-ɗaya su sani yana ɗaukar mutum 256 ne, kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai samu ba, kai kana nan kana cewa ka gayyace shi. Katin waya ya zama hoto ɗaya mara nauyi, a maimaita rana da wuri a rubuce a ƙasa, saboda mai ƙaramar data ba zai sauke bidiyon minti biyu don ya ji ƙarfe nawa ba. Sanarwar rediyo har yanzu tana da ranarta ga gidan da jama'arsa ta fi ƙarfin kati.

A rabon, kada a bi gidaje masu get a tsallake maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba. Hadisi ya inganta a kan munin walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa, kuma shi maƙwabcin ne za a ari tabarmarsa da ƙofar gidansa ranar.

12. Abin da ba ya hawa kati. Lambar asusun banki: gudummawa ba a roƙonta a rubuce, mai niyya zai tambaya. Kuɗin anko: a faɗi launi idan ana so, cinikin atamfar ya tsaya tsakanin ƙawaye, kuma kada a rubuta cewa ba anko ba shiga a taron da aka gayyaci iyaye. Hoton amarya: a tambayi mahaifinta da ita kanta, domin katin waya ba ya tsayawa inda aka aike shi. A wannan zamani na rashin tsaro, kwatancen gidan da za a kai amarya da lokacin tashin motoci su tsaya a bakin waɗanda za su raka ta.

13. Kayan rabo su bi katin. Memo, kalanda, jaka, mafici, sitikar da ake mannawa a roba da kofi, duk a ɗauki launi da zanen katin, a ba mutum ɗaya aikin, zai fi sauƙi kuma a ga tsari. Memo ya fi kalanda daɗewa, ita shekara ɗaya ce, kuma wadda aka raba a Oktoba ta kusa mutuwa tun a hannu. A nan ma a guji sa aya ko sunan Allah a abin da zai ƙare a wurin wanke-wanke.

14. Idan an ɗaga. Rasuwa ko rashin lafiya kan sa a ɗaga biki bayan kati ya fita. A koma ta hanyar da aka bi: wanda aka taka aka gayyata a kira shi, wanda aka tura wa a sake tura masa, idan an yi sanarwar rediyo a sake wata. Sabon katin waya ya ɗauki "AN ƊAGA" da manyan baƙaƙe a sama, a kuma sauya masa launi, in ba haka ba mutane za su ɗauka tsohon ne su wuce. Ranar da aka fasa, a ajiye mutum ɗaya a ƙofar masallacin, saboda dole a sami wanda labari bai kai masa ba. Takardar sunayen da aka yi rabo da ita kada a yar. Da ita za a yi wannan kiran, da ita kuma za a bi mutane bangajiya bayan an watse.